Rediyo a Kan Tsauni

Hawan tsauni da rediyo a goye wani reshe ne na sha'anin rediyon 'yan sha'awa, wato mutanen da hukumar ƙasarsu ta ba lasisin aika saƙo ta iska da karɓarsa domin koyo da gwaji da zumunci, ba domin neman kuɗi ba. Mutum yakan zuba na'urarsa da batir da naɗin waya a jaka, ya taka da ƙafa har ƙololuwar dutse, ya kafa eriya, ya yi kira, ya gaisa da duk wanda ya amsa, sannan ya tattara kayansa ya sauko kafin duhu. Tsarin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Summits on the Air, wanda ake taƙaita shi SOTA. An ƙaddamar da shi ranar 2 ga Maris 2002 a Ingila da Wales, Scotland ta biyo baya ba da jimawa ba. John Linford, mai lambar kira G3WGV, shi ya fara kawo shawarar, Richard Newstead, G3CWI, ya taya shi tsara ƙa'idojin. Daga can abin ya bazu zuwa Turai da Amurka da Japan da Ostareliya da Afirka ta Kudu.

Rediyon da yawancin jama'a suka sani hanya ɗaya yake bi: tasha tana magana, mai akwati yana saurare. Na 'yan sha'awa kuwa ba-ni-in-ba-ka ne, kowane mutum tasha ce da kansa. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta keɓe musu wasu zanguna a tsakanin na sojoji da jiragen sama da gidajen watsa labarai, kowace ƙasa kuma tana yi wa masu so jarrabawa kafin ta ba su lambar kira. Haruffan farko na lambar su ke nuna ƙasar mai ita: G da M na Birtaniya ne, W da K da N na Amurka, 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru. Tarihin waɗannan mutane yana da alaƙa da abin da mai sauraron sashen Hausa na gidajen rediyon waje ya saba ji, wato gajeren zango. A 1912 dokar Amurka ta tura su zuwa zangunan da suka gaza mita 200, bisa zaton cewa ba su da wani amfani. Cikin watan Nuwamba 1923 sai ga Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa yana musayar saƙon tangaraho da Fred Schnell a Amurka, a kan zangon da bai wuce mita 110 ba. Nan duniya ta gane cewa wurin da aka yar shi ne mai albarka. Har yau mita 41, inda ake kama manyan tashoshi da dare, maƙwabciya ce ta mita 40 da 'yan sha'awa ke amfani da ita.

Dalilin hawa tudu ya danganta da irin zangon da mutum zai yi aiki a kai, kuma nan ne ainihin ilimin abin yake. Zangon mita 2, wanda ke kusa da megahaz 145, shi ne na ƙananan na'urorin hannu irin oba-oba. Igiyar wannan zango a miƙe take tafiya kamar haske, ba ta bin lanƙwasar ƙasa sai kaɗan. Mutumin da ke tsaye a fili da eriya a tsayin mita 2 muryarsa ba ta wuce kamar kilomita 6 kafin doron ƙasa ya tare ta. In ya hau abin da ya ɗara kewayensa da mita 100, nisan ya kai kilomita 41. A mita 900 ya haura 120. Sai an ninka tsayi sau huɗu nisa ke ninkuwa sau biyu, amma idan mutum biyu kowa yana kan nasa tsaunin, nisan nasu haɗuwa yake yi, har a ji juna daga kusan kilomita 250 da na'urar da ba ta fi tafin hannu girma ba. Wasu ranakun ma, idan iska mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi, takan zama kamar bututu ta ɗauki saƙon ta ƙetare teku da shi.

Gajeren zango kuwa, irin mita 40 da 30 da 20, ba ganin ido yake bi ba. Igiyarsa tana tashi sama ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki da ake kira ayonosfiya, can ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, ta dawo a wata ƙasar ko wata nahiyar. Rana ce ke hura wannan rufi, shi ya sa halinsa ke canzawa da sa'a da lokacin shekara da kuma zagayen shekara 11 da tabon rana ke yi. A nan tsayin dutse ba ya ƙara nisa kai tsaye yadda mai koyo yakan zata, domin mita dubu ba komai ba ce a gefen rufin da ke nesa haka. Abin da tudu ke bayarwa iri biyu ne. Gangaren da ke zubewa daga ƙarƙashin eriya yana taimaka wa igiyar ta fita a kwance, kuma igiyar da ta fita a kwance ita ke yin dogon tsalle. Na biyu shi ne shiru, kuma shi ya fi muhimmanci. Gari cike yake da ƙarar lantarki da kunne ba ya ji amma rediyo yana ji: cajar waya, inbata, fitilun zamani, talabijin, wayoyin wuta masu tartsatsi. Duk suna zuba shuu a cikin na'ura har raunanan saƙonni su nutse. A kan dutsen da ba gida ko ɗaya a kusa, mai kunna rediyo a karon farko yakan yi zaton eriyarsa ba ta haɗu ba saboda tsananin shirun, sai can ya ji wata siririyar murya daga nisan kilomita dubu ta fito tar. Mai jin kowa da kyau ba sai an yi masa ihu ba.

Ba kowane wuri mai tsayi ne ake lissafa shi ƙololuwa ba. Ma'aunin da ake bi shi ne yawan abin da dutse ya tsere wa kewayensa: a galibin ƙasashe dole mai saukowa daga kansa ya gangara aƙalla mita 150 ta kowace fuska kafin ya fara hawan wani da ya fi shi tsayi. Misalin da zai fito da wannan a fili shi ne garin Jos, wanda ke sama da mita 1,200 daga doron teku amma shimfiɗe yake a kan tudu, alhali wani curin dutse da ke tsaye shi kaɗai a fili, ko da bai kai rabin wannan tsayin ba, yana iya cika sharaɗin. An ɗauko ma'aunin ne daga jerin duwatsun Birtaniya da Alan Dawson ya wallafa a 1992, waɗanda ake kira Marilyn. Hikimarsa a bayyane take. Da tsayi kawai ake dubawa, da mutum ya bi doron dutse ɗaya yana tsinkar ƙananan kawuna goma a yini guda, da kuma ƙasashen da ba su da manyan duwatsu sun rasa abin hawa.

Kowace ƙololuwa tana da lambar da ke nuna ƙasa da yanki da matsayinta. Scafell Pike, dutsen da ya fi tsayi a Ingila da mita 978, shi ne G/LD-001. Snowdon na Wales mai mita 1,085 shi ne GW/NW-001, Ben Nevis na Scotland mai mita 1,345 kuma GM/WS-001. Ana ba su maki 1 ko 2 ko 4 ko 6 ko 8 ko 10 gwargwadon tsayi, sai dai kowace ƙasa da nata matakan, ta yadda dutsen da ya ci 10 a Ingila ba zai ci haka a tsaunukan Alps ba. A Ingila abin da bai kai mita 500 ba maki ɗaya ne. Akwai kuma ƙarin maki 3 na lokacin wahala, wanda a Birtaniya ake bayarwa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris a kan duwatsun da suka kai maki 2 zuwa sama.

Mahalarta kashi biyu ne, mahaya da mafarauta. Mahayi shi ne mai zuwa kan dutse, kuma ƙa'idojinsa suna da tsauri. Ƙarshen tafiyar dole ya zama da ƙarfin jikinsa, bai halatta ya yi aiki daga cikin mota ko a jingine da ita ba. Wutarsa daga batir ko hasken rana za ta fito, babu janareta. Sai ya zauna a cikin mita 25 na tsayi daga ainihin ƙololuwar, sassaucin da ke ba shi damar fakewa daga iska da kuma kauce wa sauran masu yawon dutse. Kafin ya ci makin sai ya yi magana da tashoshi huɗu daban-daban kai tsaye, ba ta hanyar tashoshin ƙasa masu maimaita saƙo ba. Dutse ɗaya kuma sau ɗaya yake ba shi maki a shekara. Wanda ya tara 1,000 ana yi masa laƙabin da ke nufin Akuyar Dutse, kuma ko da kullum mai maki 10 yake hawa a lokacin ƙari, sai ya yi hawa kusan tamanin. Galibin masu kaiwa shekaru suke kwashewa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Mafarauci shi ne mai zama a gida, ko a mota, ko a kan wani dutsen, yana neman mahaya. Yana samun makin ƙololuwar da ya yi magana da ita, sau ɗaya a yini. Kuskure ne a ɗauke shi ɗan kallo, domin in babu shi mahayi zai ƙare batirinsa yana kiran iska. Da yawa daga cikin mafarauta dattawa ne da gwiwa ta daina ba su hawa, ko masu lalurar da ta tsare su a ɗaki, kuma manyan eriyoyinsu da haƙurin kunnensu su ke tsamo muryar wat 5 daga cikin ƙara. Wannan raba aiki yana daga cikin abubuwan da suka fi kyau a tsarin. Haɗuwar da kowa ya fi marmari ita ce ta mahayi da mahayi, ƙololuwa zuwa ƙololuwa, wadda ake ƙirga ta daban.

Duk abin da za a yi amfani da shi a sama sai an ɗauke shi a baya, saboda haka zancen kaya zancen nauyi ne. Na'urar Yaesu FT-817, mai wat 5 da nauyin kilo ɗaya da ɗan kai, ta fito gab da kafuwar tsarin, kuma ita ce ta hau duwatsu da mutanen farko. Daga baya aka sami Elecraft KX2, wadda ba ta kai rabin kilo ba, da Icom IC-705 a 2020, da ƙananan na'urorin tangaraho da mutum ke sayen sassansu ya harhaɗa da kansa. Batirin litiyom ya kori tsohon batirin dalma mai karya kafaɗa. Game da ƙarfi, tazarar wat 5 da wat 100 ninki ashirin ce a takarda, amma a ma'aunin ƙarfin saƙo mai matakai 9 da ke fuskar na'ura ba ta wuce kamar mataki biyu ba, alhali batirin da zai ciyar da wat 100 nauyinsa ya ninka sau da yawa.

Eriya ce ta fi na'ura tasiri, kuma ita ta fi araha. Tsawon igiya ana samunsa ne in an raba 300 da adadin megahaz, eriyar da aka fi so kuma rabin wannan tsawon ce. A megahaz 7 abin ya kama waya siririya mai kamar mita 20. Idan aka ciyar da ita daga baki ɗaya ta cikin wata 'yar taransifoma, waya ɗayar nan tana aiki a megahaz 7 da 14 da 21 da 28 ba tare da an taɓa ta ba. Wasu sun fi son mai hannu biyu da ake ciyarwa daga tsakiya, mai gaɓoɓin da ake cirewa ko haɗawa don sauya zango. Abin ɗaga ta sama kuwa sandar kamun kifi ce mai shiga cikin juna, wadda ke miƙewa mita 6 ko 7 ta kuma naɗe ta shiga gefen jaka.

Yadda aikin ke gudana a sama ya cancanci a dube shi kusa. Mahayi ya iso ƙololuwa jiƙe da gumi, abin da zai fara yi shi ne ƙara riga, domin da zarar ya zauna sanyi zai kama jiƙaƙƙen jiki. Ya nemi bayan wani dutse ko katanga inda iska ba ta bugu, nesa kaɗan da tarin duwatsun da masu yawo ke taruwa. Ya zare sandar gaɓa-gaɓa, ya maƙala wayar a kanta, ya ɗaure gindinta da igiya uku ko ya cusa shi tsakanin duwatsu, ya ja bakin wayar ya turke. Ya zauna a kan 'yar tabarmar soso, na'ura a cinya, abin sauraro a kunne. Ba ya fara magana sai ya saurara, sannan ya tambaya ko akwai mai amfani da wurin. In shiru, sai ya yi kiran CQ, wanda ke nufin duk mai ji ya amsa, ya faɗi lambarsa harafi-harafi da lambar dutsen. Minti biyu ko uku na iya wucewa ba kowa. Can sai murya ɗaya ta amsa, kafin a jima wuri ya kaure kamar kasuwa ta ci, tashoshi goma suna faɗin lambarsu a lokaci guda. Aikinsa shi ne ya cafko harafi biyu ko uku daga cikin hayaniyar, ya kira mai su shi kaɗai, sauran su dakata. Su yi musayar rahoto: 59 na nufin ana ji sarai da ƙarfi, 33 na nufin da ƙyar. Ya rubuta lamba da lokaci da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu a sanyi da danshi, ya ce 73, gaisuwar sallamar 'yan rediyo, ya kira na gaba. Lokacin da ake rubutawa na duniya ne, UTC, wanda agogon Najeriya da Nijar ya riga da awa ɗaya. Cikin minti ashirin yana iya cika shafi da tashoshin ƙasashe shida ko bakwai, yatsunsa kuma sun fara ƙagewa.

Tangaraho, wato haruffan Morse na ɗigo da ja, ya sami sabuwar rayuwa a kan duwatsu. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta wa mai neman lasisi ya iya shi, amma mahaya da yawa suna komawa su koya da kansu. Murya tana cin faɗin da ya haura haz 2,000, sautin tangaraho kuwa ana iya tace shi cikin 'yan ɗaruruwa, don haka ƙarar da ke shigowa tare da shi kaɗan ce, kuma ana fahimtarsa a inda murya ta riga ta ɓace. Na'urarsa ta fi ƙanƙanta, batirinta ya fi daɗewa, iska kuma ba ta hura makirfo ta ɓata saƙo.

Intanet na da nata gurbin. A shafin SOTAwatch mahayi yakan sanar tun jiya cewa gobe da ƙarfe kaza zai kasance a dutse kaza, wanda ya fara jin sa kuma ya rubuta inda yake domin sauran su garzayo. Masu tangaraho ma akwai tashoshin kwamfuta da ke sauraro dare da rana, suna tsintar kiransu su sanar ba tare da sa hannun kowa ba. Bayan an sauko kowa yana shigar da rajistarsa a ma'ajiyar tsarin. Ba alƙalin da ke bin mutum kan dutse ya tabbatar ya kai ƙololuwa. An gina abin a kan amana, rajistar mafarauta ce kawai shaidar da ke gefe.

Haɗarin aikin na gaske ne, kuma rediyo yana ƙara shi ta hanya biyu. Mai yawon dutse na yau da kullum yakan huta kaɗan a sama ya wuce, mahayi kuwa zama yake yi na rabin awa ko awa a wurin da ya fi ko'ina iska. Zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, iska kuma tana zuƙe ɗumin jiki ba tare da mutum ya ankara ba, hankalinsa na kan kunne. Na biyu ita ce tsawa. Sanda mai mita 7 da waya a kanta a wuri mafi tsayi a yankin gayyatar aradu ce, kuma tun kafin hadari ya iso wayar takan tara lantarki har a ji tas-tas a na'ura ko ta ja mutum a yatsa. Wanda ya ji haka, ko ya ji rugugi ko daga nesa ne, wajibinsa ya kwantar da sanda ya sauka, ko da tasha uku ya samu saura ɗaya. Son cika huɗun nan shi ne abin da ya fi jefa mutane cikin kuskure, tare da jinkirin da ke sa dare ya riske su a gangare. Taswira da kamfas da fitilar goshi da ruwa da sanar da wani a gida lokacin dawowa sun riga rediyo shiga jaka. Haka nan ƙa'idar tsarin ta ɗora wa mahayi neman izinin mai ƙasa inda ake bukata, da kiyaye kada wayarsa ta harɗe wani, da barin wuri yadda ya same shi.

SOTA yana da 'yan'uwa masu kama da shi. Na tsibirai, IOTA, ya girme shi, tun 1964 aka fara. Na gandun daji da wuraren shaƙatawa, POTA, ya bunƙasa a Amurka bayan 2016, yana bukatar tashoshi 10, kuma ya yarda a yi aiki daga mota, abin da ya sa ya fi sauƙin shiga. Na tsauni ya bambanta da su a wajen nauyin da ya ɗora wa jiki, kuma wannan nauyin ne ke koya wa mutum sanin kayansa: wanda ya taɓa isa ƙololuwa bayan tafiyar awa uku ya tarar ya manta da 'yar mahaɗar waya ba ya sake fita bai gwada komai a tsakar gida ba. Irin wannan ƙwarewa ta kafa tasha cikin minti goma a inda babu wuta babu sabis ita ce ake nema a wurin 'yan rediyo lokacin ambaliya ko girgizar ƙasa.

Ƙasa ba ta shiga tsarin sai wani mai lasisi daga cikinta ya ɗauki nauyin zama wakili. Shi zai yi aiki da kwamitin gudanarwa a tantance duwatsun da suka cika sharaɗin mita 150 daga taswira da bayanan awon ƙasa, a raba su yanki-yanki, a ba kowanne lamba da maki, a rubuta littafin ƙa'idar ƙasar. Sai an kammala wannan ne hawan dutse a can zai fara cin maki. Kafin duk wannan kuwa akwai lasisi: aika saƙo a waɗannan zanguna ba tare da izinin hukumar sadarwa ta ƙasa ba laifi ne a doka, a kan dutse ne ko a cikin ɗaki.